Haƙoran Kwabo

Ran da za a kai Baba Odutola asibiti a Ikeja
bai bar mini makullin ɗakinsa ba,
igiya ya miƙo mini ta tagar mota,
ya ce, "Tela, kwana uku ne."
A ƙarshen igiyar ga kare,
ja, kunne ɗaya a karye,
wai sunansa Kwabo.

Ni da ban taɓa shafa kan kare ba
tun da aka yanke mini cibiya.

Na ce zauna, ya dube ni.
Na ce zo, ya dubi ƙofa.
Ashe Yarabanci kaɗai yake ji.
Shekara goma sha tara ina Agege,
abin da na iya bai wuce gaisuwa da cinikin zare ba,
sai ga ni da sassafe a bayan gida
ina "jokoo, jokoo,"
Ladidi na bayan labule tana danne dariya.
In ya sa gindi ƙasa, ga ɓallin busasshen kifi.
In ya ƙi, in jira.
Na taɓa ɗaga masa tsintsiya sau ɗaya,
ya wuni ƙarƙashin keken ɗinki yana rawar jiki,
ban sake ba.

Kwanonsa daban, ruwansa daban.
Yakan ci in jirgin safe ya gama girgiza mana bango,
ya kuma ci kafin magariba.
Shinkafa ba yaji, ba albasa,
huhu da tumbi daga mayankar Oko-Oba,
inda mahautan suka raɗa mini suna Uban Kare.
Dafaffen ƙashin kaza kuwa, a'a.
Tsagewa yake kamar allura,
ni kuma na san abin da allura ke yi wa nama.

Bakin ne ya ba ni wuya.
In ya yi hamma kusa da ni
sai ka ce an buɗe kwata bayan ruwan sama.
Likitar dabbobi, yarinya ƙarama mai tabarau,
ta ɗage masa leɓe ta ce in duba:
dasashi ja, gindin haƙora rawaya.
Ta ce ban da man goge bakin mutane,
shi bai iya tofarwa ba, haɗiyewa zai yi.
Ta ba ni nasa, mai ƙamshin kaza,
kuɗinsa ya kai ɗinkin wando biyu.

Buroshin ya ƙi, ya taune shi.
Sai na yanki ragowar shadda
na ɗinka wa yatsana 'yar riga.
Ranar farko fiƙa ɗaya na samu,
ya yi gurnani, na janye.
Ranar biyar muka kai turamen ciki,
yana lumshe ido,
numfashinsa na dukan wuyan hannuna.
In na gama in wanke da sabulu har gwiwar hannu,
sannan in ɗauki buta.

Kwana uku ya zama wata biyar.

Jiya 'yarsa ta kira daga Abekuta.
Baba na nan, amma ɓarin jiki ya shanye,
harshe ya yi nauyi.
Ta kara masa wayar, na buɗe murya.
An daɗe ba abin da ke fitowa sai numfashi,
can sai kalma ɗaya, a karkace,
da kyar na gane ta.

Kwabo ya gane.
Ya zauna daram a kan siminti,
kunnen nan mai lafiya a tsaye,
yana jiran kifi daga hannun da ba ya nan.

Ni na ba shi.

Yau kuma ranar haƙora ce,
rigar yatsan na kan igiya tun daren jiya
ta ƙi bushewa.
Damina ce, Legas ce.
Bari in yanko wani ƙyallen.